Wanda Ya Fitar da Adadin Shanun Baffa Mika'ilu

Idan ka shiga ofishin ƙungiyar makiyaya masu sayar da madara da ke Dutse ka ce kana neman Nuriyya Abdurrahman, za a nuna maka tebur na can ƙurya, wanda kujerarsa ke jingine da bango. Ita ta zaɓi wurin da kanta, don kada wani ya tsaya a bayanta ya leƙa abin da ke kwamfutarta. Durowarta makulli biyu gare ta. In za ta fita alwala sai ta kife duk takardar da ke gabanta, ko da kuwa jerin sunayen waɗanda za su zo taro ne. Abokan aikinta sun daɗe da daina jin haushi, yanzu sai tsokana. Ɗanmusa direban motar madara in ya shigo sai ya rufe ido da tafin hannu ya ce, "Malama, ban ga komai ba." Ita kuwa ba ta dariya, sai ta dube shi ta ce, "Ka dai ce."

Ba a birni ta koyi wannan hali ba. A ruga ta taso, gabas da Buji, wurin da ake kira Gindin Ɗorawa. Tana shekara shida mahaifinta ya rasu, wansa Mika'ilu ya ɗauke ta ya haɗa da 'ya'yansa, kuma har ta girma ba ta taɓa jin an ce mata marainiya a gidan ba. Baffa Mika'ilu mutum ne mai ƙarancin magana da yawan kallo. Baƙo in ya zo zai sha fura har ya ƙoshi, amma zai tafi bai san ko da ranar da mai gidan ke zuwa kasuwa ba. Shanunsa kuwa ya san kowace da uwarta da kakarta. Da yamma in garke ya dawo, tsayawa kawai yake yi ya zuba ido, can sai ka ji ya ce, "Ɗiyar baƙar nan ba ta shigo ba." Kuma ba ta shigo ɗin ba.

Abu ɗaya ne ba a yi a gidan: ba a ƙirga shanu. Ranar da Nuriyya ta dawo daga firamare da sabon lissafi a ka, ta tsaya bakin garke tana nuni da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Baffa ya zo ya kama yatsar ya lanƙwasa ta a hankali, ya ce, "Mutum biyu ne suke ƙirga shanun wani, Nuri. Mai jangali da ɓarawo. Wacce ce ke a ciki?" Ba ta sake ba. Ta girma tana jin yadda yake amsa wa duk wanda ya tambaye shi yawan garkensa, daga likitan dabbobi har surukinsa. Amsar ɗaya ce, alhamdu lillahi.

To ka ji ikon Allah, wannan yarinya da aka lanƙwasa wa yatsa ita ce ta je ta karanci ilimin ƙididdiga. Baffa ne ya tsaya mata har ta gama, alhali 'yan uwa suna ta ƙananan maganganu. Da ta kawo masa takardar shaida ya juya ta gaba da baya, ya tambayi abin da aka koya mata. Ta ce ƙirga abubuwa da fitar da ma'anarsu. Ya ce Allah ya sa albarka, amma ta tsaya a kan na mutane.

Aikinta a ƙungiya shi ne rahoto. Kullum da safe mata da maza suna kawo madara tashoshi tara da ke tsakanin Aujara da Buji da kewayen Dutse, har da ta Gindin Ɗorawa, ana aunawa, ana turo mata bayani ta waya. Ita ce take tattara shi ta mayar da shi abin da mutum zai duba ya gane. Sai dai masu dubawar ba iri ɗaya ba ne, kuma nan gwanintar Nuriyya take. Kamfanin da ke sayen madarar a Kano ta yi musu shafi a intanet mai lambar sirri, cike da zane mai launi, in ka taɓa Aujara ya nuna maka litar da aka tara ranar Talata. Jami'an kula da dabbobi kuwa takarda take buga musu mai shafi ashirin da bango mai kauri, domin su abin da ba shi da bango ba rahoto ba ne. Dattawan kwamiti shafi ɗaya take ba su da manyan haruffa. 'Yan ƙungiya kuma hoto ɗaya take tura musu a guruf ɗin WhatsApp, ta bi shi da saƙon murya da Hausa da Fillanci, sannan a manna kwafinsa a bangon kowace tasha. Ƙa'idarta ita ce kowa a ba shi abin da zai yi aiki da shi, kada a ƙara masa ko layi ɗaya. Shekara huɗu tana haka, ba a taɓa kama ta da kuskure ba, kuma ta san da hakan fiye da yadda ya kamata.

Da kakar bara kamfanin ya ce zai kafa firji mai aiki da hasken rana a tashoshi uku, jami'an dabbobi kuma suka ce za su yi allurar rigakafi kyauta. Dukansu abu ɗaya suke so kafin su motsa: yawan shanun da ke bayan kowace tasha. Malam Misbahu, manajan ƙungiyar, ya zagaya rugage da fom a hannu ya dawo da shi fari fat. Duk inda ya je a ce masa alhamdu lillahi. A ƙarshe wani dattijo ya gaya masa gaskiya, in Mika'ilu na Gindin Ɗorawa ya yarda an ƙirga nasa, kowa zai yarda. Misbahu ya dawo ofis ya tsaya gaban teburin Nuriyya yana murza hula.

Nuriyya ta je rugar ranar Asabar. Ta gaida Inna Laraba, matar Baffa, ta ci tuwo, ta bari sai da aka yi la'asar sannan ta durƙusa gefen tabarmarsa ta yi bayani. Ta faɗi firji, ta faɗi allura. Ya saurara yana gyara igiyar ɗaure maruƙa.

"In kin rubuta, ina takardar za ta je?"

"Ba inda za ta je, Baffa. Sunan mutum da adadinsa suna cikin kwamfutata, ni kaɗai nake da lambar buɗewa. Abin da zai fita jimla ce. Gindin Ɗorawa gida huɗu ne, naku da na Jauro Fa'izu da sauran biyun. Zan haɗa su wuri ɗaya, ba wanda zai san na wane nawa ne."

"Wannan Misbahun fa?"

"Ko shi ba zai gani ba."

"Mutanen Kano?"

"Jimla kawai."

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Ban san kwamfuta ba, ban san Kano ba. Ke na sani." Washegari da safe kafin a saki garke ya kira ta bakin shinge, ya juya wa shanun baya ya fuskanci gabas, ya tsaya haka har ta gama. Bai tambaye ta abin da ta samu ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ɗari da tamanin da uku ta rubuta. Cikin sati uku rugage sittin da wani abu suka bari aka ƙirga, kowa yana cewa ai Mika'ilu ma ya yarda.

Rahoton bai fita ba sai tsakiyar rani, saboda jami'an dabbobi sun yi ta ɗage zama. Ta tura wa kowa nasa kamar kullum. Kamfani ya yaba, kwamiti ya sa albarka, Misbahu har da sayo mata lemo, wanda ta karɓa ta duba murfinsa kafin ta sha.

Kwana tara bayan haka Ɗanmusa ya shigo ofis bai rufe ido da hannu ba. Ya ce yau kwana uku ke nan yana zuwa Gindin Ɗorawa yana dawowa da jarka wayam, kuma Inna Laraba ta ce a gaya wa Nuriyya ta zo.

Inna ce ta ba ta labarin a bayan ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Baffa ya kai bijimi kasuwar Shuwarin, suna cikin ciniki a kara, wurin sayar da shanu, sai wani dillali ya yi dariya ya ce, "Haba Malam Mika'ilu, mai ɗari da tamanin da uku ne zai tsaya jayayya a kan wannan?" A gaban mutane, da ƙarfi. Baffa ya kwance bijiminsa ya dawo da shi gida bai sayar ba. Tun daga ranar baƙin fuskoki biyu suka wuce ta bakin ruga a kan babur suna tafiya a hankali. Wani ɗan uwa da aka shekara biyar ba a gani ba ya zo gaisuwa. Shekaranjiya kuma wata saniya ta yi ɓari, Inna ta ce wannan kambun baka ne, ba sai an kira likita ba.

Nuriyya ta juya adadin a ranta. Da a ce dillalin ɗari biyu ya ce, ko ɗari da hamsin, da sai a ce kintace ne. Amma har da ukun.

Baffa yana zaune gindin bishiya. Ta gaishe shi ya amsa, bai ɗago ba.

"Wa kika gaya wa?"

"Wallahi Baffa ban gaya wa kowa ba."

"Ni ban sani ba balle in faɗa. Shanu ba sa magana."

"Wani ne ya shiga inda na ajiye. Ka ba ni sati biyu, zan kawo maka sunansa."

Ya ce to. Da ta gaji da durƙuso ta tashi.

A mota tana dawowa ta fara jera mutane a ranta, kuma ba ta bar kowa ba. Na farko mutanen Kano. Shafin da ta yi musu yana nuna wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe, don haka tana isa ta zauna ta bi sawu ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyar ne, kuma ba wanda ya ga abin da ya wuce jimla, domin ba ta sa sunan kowa a can ba. Ta kira jami'in dabbobi ta yi masa tambayoyi a kaikaice har ya ce, "Malama, wai tuhumata kike yi?" Ta ce a'a, gaisuwa ce. Ta tuna mai gyaran kwamfuta da ya taɓa canza mata batir, ta je shagonsa ta tsaya tana kallon hannunsa, mutumin bai ma gane ta ba. Ɗanmusa ma bai tsira ba. Shi ne mai yawo kasuwa-kasuwa, shi ne mai baki, kuma me ya sa kullum yake cewa bai ga komai ba in ba ya ga wani abu ba?

Amma zuciyarta ta fi tsayawa a kan Misbahu. Shi ke da makullin ofis. Shi ya fi kowa son a yi ƙidayar. Matarsa 'yar Shuwarin ce. Sannan ga lemon nan, mutumin da shekara huɗu bai taɓa saya mata ko ruwan leda ba. Tun tana ganin abin kamar zato har ya zame mata tabbas, ta fara jin muryarsa ma ta canza in yana gaishe ta.

Sai ta ɗana masa tarko. Ta ɗauki takarda ta rubuta sunan wani makiyayi na Aujara, ta sa masa adadin ƙarya, ɗari huɗu da goma sha biyu, ta bar ta a buɗe a kan tebur ta fita salla. In wannan adadi ya ɓulla a kasuwa, magana ta ƙare. Ta dawo ta tarar da takardar a kife, an ɗora mata abin huda takarda a kai. Misbahu ya leƙo ya ce, "Malama Nuriyya, kin manta wannan a buɗe, na kife miki. Ban karanta ba." Ta yi godiya. A ranta kuwa ta ce wanda bai karanta ba, me ya kai shi faɗin bai karanta ba?

Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Ta tambayi Ɗanmusa abin da ake faɗa a kara, ya ce ba komai sai tsadar dusa. Wani zai ce wannan ya wanke Misbahu. Ita cewa ta yi ya gane tarkon ne, wato wayonsa ya fi yadda take zato. Kwana goma sha ɗaya sun tafi cikin sati biyun da ta roƙa, rugage bakwai sun daina kawo madara saboda sun ji abin da ya sami Mika'ilu. Ranar nan ta shiga ofishin manaja ta tura ƙofa.

"Malam Misbahu, tambaya zan yi maka, don Allah ka ji tsoron Allah ka amsa. Ka taɓa buɗe kwamfutata?"

Ya ajiye biro. "Na buɗe ta da me? Ko ke in za ki buga lambar sai kin rufe da mayafi."

"Surukanka suna Shuwarin."

"Suna can. Tumatir suke sayarwa." Ya dube ta da kyau, fuskarsa ta sauya. "Au, nan maganar ta nufa? Shekara huɗu muna cin abinci a ofis ɗaya, ashe kallon ɓarawo kike mini."

"Ban ce kai ɓarawo ba ne."

"Da kin faɗa ma da ya fi. Ki je ki yi bincikenki, Malama. In kin same ni da laifi, ga kujerar nan."

Ta fito ba ta ji ko ɗigon nadama ba. Mai gaskiya zai yi fushi, marar gaskiya ma zai yi, haka ta gaya wa kanta. Har ta fara shirya yadda za ta faɗa wa Baffa sunan.

Washegari na'urar awon madara ta tashar Aujara ta ƙi turo bayani, dole ta bi Ɗanmusa da sassafe. Ta gyara abin cikin minti goma, ta fito tana jiran a gama loda jarkoki. Mata suna layi da ƙoransu da robobinsu a jikin bango, daidai inda aka manna takardarta. Rana ta ɗan cinye launin, amma rubutun yana nan raɗau. Wata mai suna Fatsuma, wadda ta yi makarantar yaƙi da jahilci kuma ba ta bari a manta, tana karanta wa na kusa da ita da yatsa a kan layi.

"Aujara, dubu ɗaya da ɗari biyu da shida. Mu ke nan. Buji, ɗari tara da arba'in. Gindin Ɗorawa, ɗari da tamanin da uku." Ta juyo. "Kun ji na Malam Mika'ilu. Mutum shiru-shiru ashe haka Allah ya yi masa."

Nuriyya ta matso. "Baiwar Allah, wannan jimlar tasha ce. Gida huɗu ne a wurin."

Fatsuma ta dube ta sama da ƙasa, ba ta san ko wace ce ba. "Gida huɗu da kaka. Su Jauro Fa'izu ai tun da aka gama girbi suka yi kudu da shanunsu, su da sauran. Duk shekara haka suke yi, sai ruwa ya sauka. Yanzu wa ya rage a Gindin Ɗorawa in ba Malam Mika'ilu ba? Wannan ko yaro ya sani."

Sauran matan suka gyaɗa kai, aka ci gaba da hirar tsadar gero.

Nuriyya ta tsaya tana kallon layin. Da gida huɗun ne a ciki, da adadin ya haura ɗari biyar. Ta san dalilin da bai haura ba, domin da hannunta ta sa shi. Lokacin da take haɗa rahoton ta yi tunanin mutanen Kano za su iya cewa ƙungiya ta kumbura adadi don a ba ta firji. Don ta toshe bakinsu sai ta sa wa kwamfutar sharaɗi, kada ta haɗa kowane gida a jimla sai wanda ya kawo madara cikin kwana talatin da suka wuce. Da kaka gida huɗu suna kawowa. Da rani saura ɗaya. Kwamfutar ta yi abin da aka ce ta yi, ta haɗa gida ɗaya ta kira shi jimla. Ita kuma da ta duba rahoton kafin ya fita, sunaye take nema, ta ga babu suna ko ɗaya, ta tura. Ta ga ɗari da tamanin da ukun nan da idonta a cikin jerin lambobi tara, ba ta tsaya ba. Ita da aka haifa a rugar, ita da ta sha raka 'ya'yan Jauro Fa'izu bakin hanya duk shekara in za su tashi.

Kuma ba a shafin Kano mai lambar sirri abin ya fita ba, ba a takardar jami'ai mai bango ba. A hoton da ta tura wa mutum ɗari uku a waya ne, da takardar da ta sa aka manna a bango tara. Har da muryarta, domin a saƙon da ta yi ta karanto adadin kowace tasha da Hausa, ta maimaita da Fillanci don kada wani ya ce bai ji ba.

Ta sa hannu ta ɓalle takardar daga bango. Fatsuma ta ce, "Ke kuwa lafiya?" Nuriyya ta wuce ta. Ta shiga mota ta zauna, takardar a dunƙule a hannunta.

Gaskiya ita ce, tsakanin Aujara da Dutse wani tunani ya zo mata, kuma ba ta kore shi nan take ba. Baffa ba ya karatun boko, ba ya riƙe babbar waya. Ya riga ya tambaya da bakinsa, wannan Misbahun fa? In ta je ta ce Misbahu ne, zai yarda, ita kuma ta ci gaba da zama Nurinsa. Ta juya wannan tunani har suka wuce gidan mai na bakin gari. Da suka isa ofis ta wuce kai tsaye wurin manaja, ta shimfiɗa masa takardar a tebur ta nuna masa layin, ta ce ya yafe mata. Misbahu ya karanta sau biyu. Bai yi mata gori ba, abin da ya fi gorin ciwo. Cewa kawai ya yi a aika a cire sauran takwas ɗin, kuma daga yau duk tashar da gidajenta ba su kai biyar ba a haɗa ta da ta kusa da ita.

Ta isa Gindin Ɗorawa da hantsi ranar da sati biyun suka cika. Tun daga nesa ta ga an kwance rumfar maruƙa, an tara turaku wuri ɗaya an ɗaure. Inna Laraba tana jera ƙore cikin buhu, ta amsa gaisuwa idonta a ƙasa. Ba a saki garke ba, ko da yake lokaci ya wuce.

Baffa yana tsaye bakin shinge da sandarsa. Ta durƙusa.

"Kin samo shi?"

"Na samo, Baffa. Ni ce."

Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba, har saƙon muryar. Ta ce ba wanda ya shiga kwamfutarta, ba wanda ya ci amanarta. Ta manta ne su Jauro suna tashi da rani.

"Kin manta," in ji shi.

"Na manta."

Ya jinjina kai a hankali. "Da kin ce mini Misbahun nan ne, da na ji sauƙi. Shi ba ni na rene shi ba." Ya dubi garken. "Mutum sittin suka juya baya aka ƙirga musu dukiya saboda sun ga na juya. Jiya biyu daga cikinsu sun zo nan. Ban sami abin da zan ce musu ba."

"Baffa, an cire takardun. Ba za a sake ba."

"An cire daga bango. Wa zai cire daga kan mutane?"

Ta fara kuka, marar sauti. Bai hana ta ba, bai kuma rarrashe ta ba. Ya buɗe shinge ya shiga cikin shanun, yana taɓa wannan da sanda, yana kiran waccan da sunanta, yana korowa gefe ɗaya. Ya daɗe yana yi, domin wasu ba sa son rabuwa da sauran. Da ya gama ya tsaya tsakaninsu da garken.

"Waɗannan na ubanki ne, da abin da suka haifa. Shekara ashirin da biyu suna hannuna, ban taɓa ware su ba, don ban ga ranar da za ki zama daban ba. Jibi zan tashi. Wurin nan ya zama sananne. Inda za ni ba na son a sani, ke kuma aikinki sanarwa ne. Ban ce kin yi da gangan ba, kuma na yafe. Amma ki nemi wanda zai riƙe miki su."

"Baffa, ni ba shanu nake so ba. Ka bar su a cikin naka."

"In na bar su, dole ki san inda suke."

Ya juya ya koma wajen turakun da ake ɗaurewa. Shanun da aka ware suka tsaya cirko-cirko suna kallonta, wata ƙaramar karsana tana ta kuka tana neman hanyar komawa. Nuriyya ta runtse ido don kada ta ƙirga su, amma ta riga ta ƙirga. Goma sha ɗaya ne.